Ranar Haihuwar Bahago

Ni mai fenti ne. Abin da kafintoci suka ƙera ni ke bi da sanfefa in goge shi ya yi sumul, in toshe ramukan ƙusa, in shafa masa launi. Shekara goma sha biyu ke nan ina wannan aiki a shagon Baba Kafinta, kuma duk tsawon shekarun nan bencina na kallon na Bahago.

Ya riga ni zuwa shagon da shekara biyar. Baba ya sha ba mu labarin. Wata safiya ya zo buɗe shago ya tarar da yaro zaune a kan tarin katako, ba jaka, ba takalmin kirki. Ya tambaye shi ina ne gidansu, yaron ya sunkuyar da kai. Baba bai matsa ba, ya miƙa masa tsintsiya. Yaron ya karɓa da hagu, sai ya yi firgigit ya mayar da ita dama, yana kallon Baba kamar wanda aka kama da kayan sata.

"Riƙe da hannun da ya fi maka," in ji Baba. "Ni dai a share mini wurin."

Daga nan sunan ya bi shi. Inna, matar Baba, wadda 'ya'yanta mata biyu suka riga suka yi aure suka bar mata gida fayau, ta kwashe tarkacen da ke ɗakin ajiya ta shimfiɗa masa katifa. Ba wanda ya zauna ya ce an ɗauke shi ɗa. Kwanonsa ne kawai ya shiga cikin kwanukan gidan, ya zauna.

Lokacin da na zo, ya riga ya zama gwani. Zai dubi katako ya nuna maka inda zai tsage tun kafin zarto ya taɓa shi. Amma abin da ya fi suna a kai shi ne ƙofa. Ƙofar da Bahago ya kafa ba ta ƙara, ba ta bugawa. Ka tura ta, ta rufe shiru. Masu saye har cewa suke yi a ba shi aikinsu shi kaɗai.

Yana da wasu halaye da muke ɗauka wauta ce. Ba ya zama ya juya wa ƙofa baya. A tsaye yake cin abinci, da sauri, kamar za a ƙwace. Ko ana zafin da gumi ke ɗiga a kan katako, rigarsa mai dogon hannu ce, maɓallanta a rufe har wuya. Kuma bakinsa ba ya rabuwa da "a yi haƙuri". Ka taka masa ƙafa, shi zai ba ka haƙuri.

Wata rana ina naɗe wayar wutar inji, sai bakinta ya fyaɗi benci, fyau! Kafin in ɗago, Bahago ya saki randar feren katako da ke hannunsa ya durƙushe, ya rufe kansa da hannu biyu. Ƙaton mutum, ya dunƙule kamar kaza a ruwan sama. Ni da Direba, mai kai mana kaya gidajen mutane, muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Shi ma ya tashi yana murmushi, yana kakkaɓe garin katako daga gwiwarsa.

"Mai Fenti, ba ka da kirki," ya ce.

Na mayar da abin wasa. Duk lokacin da aiki ya yi sanyi sai in lallaɓa in fyaɗa waya a bayansa. Har baƙi na taɓa nuna wa. Shekara uku ina yi. Ban taɓa yi a gaban Baba ba, sai ya fita, kuma wannan kaɗai ya isa shaida cewa a can cikin raina na san abin da nake yi.

Zazzaɓi ne ya tona. Ya kwanta kwana huɗu ba ya gane mutane, Inna ta cire masa riga don ta goga masa ruwa. Washegari sai ga ta a shago, ita da ba ta cika zuwa ba. Ta kira ni bayan rumfa.

"Kai ne mai wasan waya?"

"Inna, ai wasa ne."

"Je ka gida ka duba bayansa, ka dawo ka sake gaya mini wasa ne."

Na je. Yana kwance rub da ciki yana barci. Tabo ne kan tabo tun daga wuya har ƙugu, dogaye, wasu sun lanƙwasa a baki yadda waya ke yi in an ninka ta biyu. Sun tsufa, sun yi fari, sun girma tare da shi. Na tsaya a ƙofar ɗakin har ƙafata ta yi tsami, sannan na koma shago na ci gaba da fenti.

Na daina wasan, amma sai da na shekara cur kafin bakina ya iya buɗewa. Muna bayan mota ne riƙe da wani kabad kada ya faɗi, na ce masa, "Bahago, ka yafe mini wancan abin da na riƙa yi maka."

"Haba, ni ya kamata in ba ka haƙuri," ya ce. "Na cika tsoro ne."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A wannan tafiyar ce ya ba ni labarin mahaifinsa, yana kallon titi, muryarsa kamar mai karanta awo. Magatakarda ne a wani ofis, mutum mai tsabta, kayansa kullum a goge, duk unguwa ana gaishe shi da girma. Mahaifiyarsu ta rasu tun yana ƙarami. Daga yadda uban ya rufe ƙofa in ya dawo aiki ake sanin irin yammacin da za a yi. In za a ci abinci sai ya ɗaure masa hannun hagu a jikin kujera, wai sai ya koyi ci kamar mutane. Wayar dutsen guga ce bulalarsa, kuma in ya gama sai ya mayar da ita ya goge rigar da zai sa gobe.

"Kai kaɗai ne a gidan?" na tambaya.

"Ina da ƙanwa. Auta."

"Tana ina?"

"Tana can," ya ce, ya gyara riƙon kabad. Ban ƙara ba.

Inna ce ta samo wata likita a wani asibiti, wadda ba ta allura, ba ta rubuta ƙwaya, sai dai a zauna a yi magana. Baba ya yi ta ƙunƙuni, wai tun da yake bai taɓa jin an warke da surutu ba, amma duk Alhamis da azahar shi ke cewa, "Ajiye gudumar nan, za ka makara." Bahago kan dawo idonsa ja, wani lokaci ya wuni bai ce uffan ba. A hankali muka fara ganin sauyi. Ya fara zama in zai ci abinci. Wata rana ya zo da riga mai gajeren hannu, duk muka yi kamar ba mu gani ba. Ranar da ya daka wa Direba tsawa don ya karce masa teburi, Direba ya fito waje yana washe baki kamar an yi masa kyauta.

Shekara biyu da suka wuce wani mai kawo mana katako ya zo da 'yar takarda. Uban ya rasu, ga kuma lambar wayar Auta. Bahago bai je ba. Ya ɗauki fensir ya rubuta lambar a bango kusa da bencinsa, cikin lissafin awon ƙofofi. In ta dushe sai ya sake bi a kai. Bai taɓa kira ba.

Yadda aka yi maganar ranar haihuwa ta taso, zarto ne ya yanke shi a babban yatsa, na raka shi asibiti. Hannunsa na naɗe, don haka ni na cike masa takarda, ya miƙo mini katin shaidarsa. Na ga kwanan watan. Saura mako uku ya cika shekara talatin da uku, kuma a iya sanina ba a taɓa ce masa ko sannu ba a irin wannan rana.

Na kai wa Inna maganar, ta yi murna. Baba ya ce, "Ni ban san ranar da aka haife ni ba, ga ni kuma ban mutu ba." Amma shi ya fara zaro tsofaffin ƙyamare yana auna wanda zai yi teburi. Inna ta kafa sharaɗi: ba balan-balan, ba ihu, ba wanda zai ɓuya ya yi masa tsalle. Na ce na ji.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne na kwafi lambar da ke bango. Gaskiyar magana, so nake in yi masa wani babban abu da zai shafe wancan wasan nawa. Na ce wa kaina don shi nake yi, amma don kaina ne.

Na kira ta da tsakar rana. Muryar mace ce, a natse, ta ce in ɗaga murya. Na yi mata bayanin ko ni wane ne.

"Shi ya ce ka kira ni?"

"A'a. So muke mu ba shi mamaki."

"Wace rana ka ce?"

Na faɗa mata. Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke.

"Ya san ranar da kuka zaɓa?"

"Ai ranar haihuwarsa ce."

"Na sani," ta ce. "Turo mini kwatancen wurin. Ban yi alkawari ba."

Ranar ta faɗo Asabar. Muka aiki Bahago da Direba kai gado wata unguwa mai nisa. Muka share shagon tas, abin da ba a taɓa yi ba tun da na zo. Har wani kurfin sassaƙa katako da ya ɓace shekara biyu muka tsinta a ƙarƙashin benci. Muka ɗora ƙyamare biyu a kan ƙafafun katakon da muke ɗora aiki, Inna ta shimfiɗa zanen gado mai fure a kai. Ta dafa shinkafa da kaza, ta sayo lemo, ni kuma na ɗauko kek daga gidan burodi, an rubuta sunansa da farin sukari. 'Ya'yan Baba biyu sun zo, da tela maƙwabcinmu.

Da la'asar motar ta tsaya. Bahago ya shigo yana goge wuya da tsumma, ya ja ya tsaya. Ba wanda ya yi ihu. Inna ce kawai ta ce, "Ɗana, yau ka cika talatin da uku. Allah ya ƙaro masu albarka."

Ya dubi teburin, ya dubi kek ɗin, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Fuskarsa ta yi wani iri.

"A yi haƙuri," ya ce, ya ratsa ta tsakaninmu ya shige ɗakin ajiyar katako.

Na bi shi. Yana zaune a kan gwangwanin gam, hannunsa tsakanin gwiwoyi.

"Wa ya gaya muku?"

"A katinka na gani. Bahago, abin farin ciki ne, ba komai ba."

"Ka san ranar da na zo shagon nan?" ya ce. "Washegarin ranar da na cika sha shida."

Sannan ya ci gaba. "Auta shekararta tara. Ni nake tare mata. In ta fasa kofi, ni na fasa. In ta zubar da mai, ni na zubar. Ta saba, da ta ji ƙarar ƙofa sai ta shige bayana. Ranar da safe, bayan ya tafi ofis, na ce mata ta zauna a bakin ƙofa, zan je in sayo mana alewa tunda yau ranar haihuwata ce. Ta ce ta biyo ni? Na ce a'a, ba ki da takalmi. Na sha kwana, na waiwayo, tana zaune tana ɗaga mini hannu. Na san sarai in na tafi a kan wa wayar za ta koma. Na sani, Mai Fenti, na kuma tafi. Na zo nan aka ba ni katifa, aka ba ni uwa, aka ba ni sana'a. Ita aka bar mata shi. Yau kuma ku ce in zo in ci kek."

Sai a lokacin na gane shirun da ta yi a waya.

"Bahago," na ce, "akwai abin da na yi. Na kira ta. Mai yiwuwa tana hanya."

Ya ɗago ya dube ni. Tun da na san shi ban taɓa ganin wannan kallon a idonsa ba.

"Wa ya aike ka?"

Muna nan a haka Direba ya leƙo ya ce an yi baƙuwa.

'Yar siririyar mace ce, gajera, da tabarau, riƙe da ƙaramar jaka. Ta riga ta gaida Baba da Inna, tana tsaye kusa da injin yanka tana duban wurin. Bahago ya fito ya tsaya nesa da ita. Kamarsu ɗaya sak, har yadda suke sauke kafaɗa.

"Yaya," ta ce.

Ya motsa baki ya faɗi wani abu ƙasa-ƙasa. Ta karkata kai, ta juyo masa da gefen dama.

"Ta nan za ka yi magana, Yaya. Wancan kunnen ba ya ji."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

Ya sulale ya zauna a ƙasa, cikin shagon da muka share. Tela ya ja 'ya'yan Baba suka fita waje. Ni na kasa gaba na kasa baya.

Auta ta jawo kujera ta zauna a gabansa. Ba ta yi kuka ba.

"Ban zo in ce maka ba komai ba," ta ce, "don akwai komai. Na zauna a ƙofar nan har ya dawo. Ya tambaye ni ina kake, na ce ka je sayen alewa. Shekara biyar na ƙara a gidan kafin wata malamarmu ta ɗauke ni. Na daɗe ina roƙon Allah kada ya sake haɗa ni da kai."

"Kin yi daidai," ya ce.

"Bari in gama. Yanzu koyarwa nake yi, ƙananan yara. Bara akwai wani da ke zuwa ɗaukar ƙanwarsa in an tashi. Wata rana na tambaye shi shekarunsa, ya ce sha shida. Na tsaya ina kallonsa. Wuyansa kamar tsinke, ko igiyar takalminsa bai ɗaura daidai ba. Ni a raina kullum ƙato ne kai, wanda zai iya ɗaukata ya gudu da ni amma ya ƙi. Ashe haka ɗan sha shida yake." Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. "Haushin bai tafi duka ba, kada in yi maka ƙarya. Ya dai ragu har na iya shiga mota na zo."

Bahago ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Ta miƙa hannu kamar za ta taɓa shi, ta fasa, sai ta ɗora a kan gwiwarta. Baba ya juya yana gyara ƙusoshin da ba su buƙatar gyara.

Sai Inna ta miƙe. "To, abinci dai na hucewa, kuma ni ban dafa don ƙudaje ba. 'Yata, wanke hannu. Kai kuma tashi daga ƙasa."

Muka zauna. Ba a yi waƙa ba, ba a kunna kyandir ba. Da aka zo yanka kek aka miƙa wa Bahago wuƙa, ya riƙe ta ya tsaya yana kallon kek ɗin. Baba ya karɓa, ya zaro tef ɗin awo daga aljihu ya auna kek ɗin tsaf, ya ƙirga mu, ya yi alama da bakin wuƙa kafin ya yanka, wai ba zai bari a ce a shagonsa aka yi yankan da bai daidaita ba. Auta ce ta fara dariya, 'yar gajera, kamar ta kuɓuce mata. Ta ci yanka biyu, ta ce sukarin ya yi yawa. Bahago ya gutsuri kaɗan ya ajiye sauran. Inna ta yi ta ba Auta labarin yadda ya taɓa ƙona mata tukunya yana ƙoƙarin dafa mata shayi tana jinya, ita kuma tana saurare da kunnen dama, tana satar kallonsa.

Kafin rana ta faɗi ta ce za ta koma. Inna ta yi ta roƙo ta kwana, ta ce wani jiƙon. Bahago ya ɗauki jakarta ya raka ta tasha. Ina kallonsu har suka sha kwana. Ya fara tafiya a hagunta, sai ya zagaya ya koma dama.

Da suka tafi Inna ta juyo kaina. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Da ta zo ta zage shi ta juya fa? Da kai za ka ɗinke shi?" Na ce ban yi tunanin haka ba. Ta ce, "Na sani. Matsalarka ke nan."

Kwana tara Bahago bai yi mini magana ba. In ya gama ƙofa sai ya jingine ta kusa da bencina ya koma. Ranar Alhamis ya je wurin likitarsa ya daɗe fiye da kullum. Na so in sake ba shi haƙuri, amma na ga kamar wani nauyin zan ƙara ɗora masa, ya zo yana lallashina.

Rana ta goma ya tsaya a kaina ina gauraya fenti.

"Na ji daɗin ganinta," ya ce. "Amma ba kai ya kamata ka zaɓa mini rana ba. Ni da likita mun ɗauki wata shida muna shirya abin da zan ce mata in na kira. Ko kalma ɗaya ban tuna ba da na gan ta. Kada ka sake yi wa wani haka."

"Ba zan sake ba."

"To."

Har yau ban san ko alheri na yi masa ko ɓarna ba, kuma na daina neman wanda zai ce mini alheri ne. Suna waya yanzu, ba kullum ba. Wani lokaci ya gama magana ya dawo yana fito, wani lokaci ya shige ɗakin katako ya daɗe.

Makon jiya ya tara guntayen katakon da muke zubarwa ya ƙera 'yan kujeru goma sha huɗu, wai yaran ajinta wasu a ƙasa suke zama. Ya jera mini su a gaban benci ya ce in shafa musu abin da yara za su so. Na kwana biyu a kansu, na yi rabi ruwan ƙwai, rabi shuɗi. Ya zo ya zagaya su, hannunsa a baya.

"Shuɗin ya yi," ya ce. "Ruwan ƙwan nan kuwa muni gare shi. Sake."

Na ɗauko sanfefa na fara gogewa.